Sunan da Auta Ya Rubuta a Fom

Litinin, 3 ga Maris

Kwana huɗu da rasuwar ƙanena Auta a bakin daga. Yau aka kira mu ofis a bariki, ni da Baffa da Malama, matar Auta. Wani Kyaftin mai furfura ya ce gawa za ta iso ranar Asabar a jirgi, amma kafin ƙarfe sha biyun ranar Juma'a sai an faɗa musu inda za a binne shi.

Baffa ya gyara zama. "To, ni ne ƙanin mahaifinsa…"

Kyaftin ya ce Baba yi haƙuri. Wai a wajensu kowane soja yana cika fom, ya rubuta mutum ɗaya da zai yanke maganar jana'izarsa, kuma ba mai ja da wannan. Ya juyo da takardar. Sunana. Da karkataccen rubutun nan nasa da na sha buge masa hannu a kai.

Baffa har da cire tabarau ya goge. Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Talata, 4 ga Maris

Gida za a kai shi, kusa da Inna. Na gama magana.

Ina da sha biyar yana da uku Inna ta rasu. Ni na goya shi. A gindin keken ɗinkina ya yi rarrafen karatu, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na yi kuka ranar da ya ce soja zai shiga. Malama kuwa a wanke a goge ta same shi, da kakinsa. Shekara shida kacal da aurensu.

Ta zo tana murza gefen mayafi, wai tana roƙo a bar shi a maƙabartar sojoji, nan bayan makarantar da take koyarwa. Saboda takwarata, 'yarsu. Wai tafiyar awa sha ɗaya ce zuwa garinmu, yarinya sau nawa za ta je? Na ce ni fa, sau nawa zan zo nan? Ta tashi ta fita. Sanyin halin nan nata ke ƙona min rai.

Laraba, 5 ga Maris

Baffa ya kira sau bakwai. Shi ma gida yake so, amma in je in ce wa Kyaftin na janye, na bar wa manya. "Mace a kan maganar kabari!" Mutumin da har Auta ya gama makaranta bai taɓa sanin ajinsa ba. Wai ya sa an share wuri, in an gama ita kuma matar ta kama gabanta.

Na ce masa wayar ba ta ji sosai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban ci komai ba tun jiya, kuma kada kowa ya dame ni.

Da hantsi na ɗauko kakinsa na fareti, maɓalli ɗaya na lilo. Ina ɗinkewa Malama ta shigo ta zauna. Bakina bai bar ni ba. Na ce ai tun bai san da ke a duniya ba ya cika fom ɗin nan.

Ta ce a'a, Yaya. Duk tafiya sai sun sabunta. Na ƙarshen a watan Janairu ya cika, a kan teburin nan. Har ta yi fushi, ta ce me ya hana ya sa sunanta. Wai ya yi dariya ya ce, "Ke Baffa zai ɗaga murya sau ɗaya ki ce to. Yaya kuwa, ba a haifi mai juya ta ba."

Na soke yatsa da allura. Ɗan banzan yaro. Har a takardar gwamnati sai da ya tsokane ni.

Na tambaye ta, ya faɗi inda yake so? Mu biyu ne a ɗakin, ba shaida. Ta ce bai faɗa ba.

Da ni ce da na yi ƙarya. Wallahi da na yi.

To me yake so in tsare masa, da har sai mai taurin kai? Idan gida ne, ai Baffa ya isa. Ba na son wannan tunanin.

Juma'a, 7 ga Maris

Na raka takwarata makaranta da safe, don kawai in miƙe ƙafa. Muka wuce ta ƙofar maƙabartar. Ba laifi, a share take, akwai inuwa. Yarinyar ta ce nan baban ƙawarta yake, suna tsayawa su gaishe shi in an tashi. Surutu ne da ita, irin na ubanta.

Sha ɗaya da rabi na sa hannu. Maƙabartar sojoji.

Baffa ya miƙe a gaban Kyaftin yana kumfar baki, wai na ci amanar dangi, wai kada in sake taka gidansa. Na ce, "Baffa, sunanka ne a takardar?" Ko hawaye ban yi ba. Sai da na shiga banɗaki na yi kukana.

Ba don Malama na yi ba, kada ta ɗauka. Hanyar garinmu duk ramuka ce, kuma ya gaji da tafiya. Inna, ki yi haƙuri, kin riga kin san halina.

Da yamma na sake bin hanyar, na duba agogo. Daga ƙofar makaranta minti bakwai ne. Da ƙafar takwarata, sha biyu.