Birkin Tangaran

Takur, Dutse,
Litinin, 2 ga Yuni, 2003.

Zuwa ga abokina Fa'izu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yau Litinin na tashi da dama-dama. Kumburin ƙafa ya sace, tarin ne dai ya ƙi sallamata, amma na taka zuwa masallaci na dawo ban zauna a dakalin kowa ba.

Takardarka ta iso tare da hoton. Na sa tabarau na duba, na juya shi sama da ƙasa. Wannan mota ce ko kwaɗo? Kujera biyu, ciki yana jan ƙasa, babu inda za a sa ko buhun gero. An kai ka Jamus ka koyo aikin injiniya, ka ɓuge da zagaya filin tsere ranar hutu kamar akuya a turke. Na tambayi limaminmu hukuncin abin, tunda yanzu shari'a ta zo, kome sai an tambaya. Ya ce in babu caca shi bai ga haramci ba, amma bai ga hankali ba.

Ka ce tunda na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin motocin mutane ina duba wa gwamnati birki, to in zaɓa maka: ka bar faifan birki na tangaran da motar ta zo da shi, ko ka sa na baƙin ƙarfe. Na san tsiya ce ta sa ka tambaya, amma zan amsa. A iya sanina tangaran shi ne abin da kakarka Maimuna, Allah ya ji ƙanta, take jerawa a kabet, wanda ko kai mijinta na wasa ba ta yarda ka taɓa ba. Ban taɓa jin an tsayar da mota da shi ba.

Ka sa ƙarfe. Ƙarfe ba ya ɓoye ciwonsa. In ya sha wuta sai ya yi shuɗi, in ya gaji ya tsage, in ya cinye ka ji gaɓa a bakinsa da farcenka. Abin da ido zai gani, hannu ya taɓa, shi nake yarda da shi.

Kada ka sake cewa in je gidan maƙwabta ka kira ni a waya. Kunnen ya tafi, ihu kawai za mu yi wa juna. Ka rubuto.

Allah ya tsare. Kakanka,
Alhaji Jaji.

Jamus,
6 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga Alhaji Tsoho,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma mamakin har yanzu kana nan. Mu jikoki mun gaji da jiran gumba. Tun ina firamare kake cewa bana ce ta ƙarshe, ga shi har na fara sanƙo.

Kwaɗon da kake zagi, kafin ka ɗaura ɗankwalin rawaninka ya kai Ringim ya gaida Umma ya dawo. Bari in koya maka zamani. Wannan ba tangaran ɗin matata ba ne, wadda ka ƙwace mini. Haɗi ne na gawayi da wani irin yumɓu, a gasa shi a wutar da za ta narkar da ƙarfenka. Ba shi da nauyi, motar sai ta riƙa shan kwana kamar kifi. Babban abin kuwa zafi ne. Da ƙarfe, in na yi ta zagaye ina takawa, sai in ji birkin ya yi laushi a ƙafata kamar na taka tuwo. Wannan kuwa yana ƙara zafi yana ƙara kamawa.

Aibinsa ɗaya, zan faɗa maka don ka samu abin surutu. Ba ya sirancewa kamar ƙarfe. In ana gasa shi da yawa a filin tsere, ta ciki yake cinyewa, fuskarsa tana nan kamar sabo. Farcenka ba zai gaya maka kome ba, sai an kwance shi an ɗora a sikeli a ga nawa ya rage. Wato dai irinka ne, fuska ɗaya tun zamanin Turawa. Abokan tserena da yawa sun cire nasu sun koma ƙarfe saboda haka, to amma su tsofaffi ne, masu tsoro.

Ga albishir. Na nemi hutu. Ana rufe filin kafin sanyi, akwai fita ta ƙarshe a tsakiyar Oktoba, daga ita sai jirgi. Da kai zan kama azumi in Allah ya so. Ka tanadi kunun tsamiya, kuma ka daure kada ka mutu kafin in zo, don a gabana nake so a yi rabon.

Naka, mai gadon rawani,
Fa'izu.

Takur, Dutse,
Alhamis, 14 ga Agusta, 2003.

Zuwa ga Fa'izu,

Bayan gaisuwa. Yau Alhamis, ana ruwa tun safe, jikin babu daɗi. Salla a zaune nake yi.

Na karanta zancen sikeli, ban yi dariya ba. Makon jiya aka ɗora ni a kan na asibiti. Likitan ya dubi allurar sikelin, ya dube ni, ya ce in sauka in sake hawa. Duk wanda ya zo gaishe ni cewa yake Alhaji ai ka ji sauƙi, ga fuska ta cika. Ni na san yadda wandona yake zamewa.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labari ba, don ba na hira ba ne. Rabin aikina ba a ofis na yi shi ba. In mota ta faɗi, a hanyar Ringim ko ta Birnin Kudu, 'yan sanda sukan zo su ɗauke ni. Yawanci kafin in isa an kwashe mutane, sai ni da kwalta. In ja tef in auna baƙin zanen da taya ta bari, daga inda direba ya taka birki zuwa inda abin ya ƙare. Mai dogon zane ba ya damuna sosai, na san ya yi ƙoƙari, mota ta amsa masa, kwana ne ya ƙare. Wanda ya zauna mini a rai shi ne inda babu zane ko kaɗan. Kwalta fes. In leƙa ciki in tarar da abin takawar a manne da ƙasa, wani lokaci har ya lanƙwashe saboda ƙarfin da mutum ya sa. Ya taka, babu kowa a gida. Kusan duka irin waɗannan, in ka duba ta waje lafiya lau suke. Wani an zuba masa ruwan sabulu a madadin man birki, wani tiyo ya ruɓe ta ciki. Kuma kullum akwai takalmi ƙafa ɗaya a gefen hanya. Ban taɓa gane dalilin da ya sa ɗaya ba.

Na yi zaton na bar waɗannan a Kano ranar da na ajiye aiki. Tun da takardarka ta zo suka biyo ni Dutse. Ni da ba na jin kiran salla sai an taɓa ni, yanzu da rana tsaka ina zaune a zaure sai in ji ƙarar birki, doguwa, daga wajen titi. In kasa kunne in ji ƙarshenta, ba ta ƙarewa da kome. In tambayi mai shagon ƙofar gida, ya ce Baba ko keke bai wuce ba.

Fa'izu, ga matsalata da kai. Tun ranar sunanka ban taɓa gaya maka magana da fuska ɗaya ba, kai ma haka. Abin da aka gada ke nan tsakanin kaka da jika, na kuwa ji daɗinsa. Yanzu ina neman ƙofar da zan shigo maka da gaskiya, na rasa. To ga shi dai a fili: ba wasa nake ba. Ba ni da lafiya irin wadda ake tashi. Ka cire tangaran ɗin ka sa ƙarfe. In ba za ka cire ba, ka kwance shi ka auna kafin ka shiga filin. In ma da hali ka bar fitar ta ƙarshe, ka taho. Ba ni da wanda nake jira sai kai.

Allah ya yi maka albarka.
Alhaji Jaji.

Jamus,
21 ga Satumba, 2003.

Alhaji Tsoho, ranka ya daɗe,

Kai! Wannan karon ka gwada gwaninta, saura kaɗan ka kama ni. Har na tashi zan nemi tikiti, sai na kai wajen "ba wasa nake ba", na tuna haka ka ce ranar da ka rantse mini akwai kura a rumbun gidanmu na Ringim, na shekara ba na bi ta wajen. Na kira Umma, ta ce ta zo ta gan ka, fuskarka har sheƙi take, ka cinye kazar da ta kawo ba ka rage wa kowa ba.

Amma don kada ka ce ba na jin magana, na sayi faifan ƙarfen, ga su nan a kwali a gareji. Baɗi zan sa. Wannan fitar dai ta tangaran ce, ina so in ga iyakarsa sau ɗaya. Na haska shi da tocila ta ko'ina, sumul. Kwancewa da aunawa aikin yini guda ne, ni kuwa ina ta rufe ayyukan ofis don in samu tahowa wajenka. Ka ga laifinka ne.

Ina sauka Kano ranar Juma'a, 24 ga Oktoba. Asabar da hantsi ka fito da kujerarka ƙofar gida. Na sayo maka takalmi mai laushi, ƙafa biyu cif.

Abokinka,
Fa'izu.

Ringim,
Alhamis, 23 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ba Sale direba wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu.

Baba, an yi mana waya daga can wajen su abokin naka. Sun ce ya ɗan samu tsautsayi a wurin wasan motar nan ranar Asabar da ta wuce. An kai shi asibiti. Jikin nasa ya ɗan yi tsanani, saboda haka tafiyar ba za ta yiwu a wannan makon ba. Ka sa shi a addu'a.

Kada ka tayar da hankalinka, kada kuma ka ce za ka taho Ringim, gidan da mutane. Ranar Talata za mu zo ni da mahaifinsa da Malam Zailani limamin unguwarmu, mu gaishe ka da azumi. Ka ci abinci don Allah. Ka yafe rubutun, biron ne ba shi da kyau.

'Yarka,
Ikilima.

Takur, Dutse,
Asabar, 25 ga Oktoba, 2003.

Zuwa ga abokina Fa'izu,

Gaisuwa. Yau Asabar, numfashi sama-sama, ban iya cin kome ba.

Uwarka ta rubuto. Ta manta irin aikin da ubanta ya yi. Na sha raka 'yan sanda gidajen mutane, mu yi sallama, mu ce wa tsoho jikin ɗan nasa ya ɗan yi tsanani, alhali da hannuna na ja wa ɗan mayafi. Kuma ba a ɗauko liman tun daga Ringim don gaisuwar azumi. Ban nuna wa Sale na gane ba. Na ce ya gaishe ta.

Kai marar kunya. Layi ne, ni ne a gaba, kowa ya sani. Wa ya koya maka tsallake babba?

Ban san wanda zan ba wannan takarda ya kai ba. Duk da haka na sa aka fitar mini da kujera da hantsi kamar yadda ka ce, don uwarka cewa ta yi tsanani, ba ta ce wani abu ba, ni kuma na ga dama in riƙe ta a kan maganarta zuwa Talata. Duk motar da ta rage gudu a bakin layinmu sai na gyara hula. Na zauna har inuwa ta bar ni, aka zo aka kama ni zuwa sallar azahar.

Ba ka zo ba.

Kakanka,
Alhaji Jaji.