Kurkunu a Ƙafar Hagu

Zuwa ga Yayana Ango a Kumashi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ina zaman baƙunta? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau.

Yaya, bayan wata huɗun da kurkunu ya kwantar da ni, na koma kan keke. Har Kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ya sa sunana cikin tseren keke na bukinsu na Turawa, saura kwana shida. Shekaranjiya na taka hanyar Dumega don gwaji. Ina wanke ƙafa a bakin rijiya, sai wani ƙurji ya fashe a idon sawuna na hagu, farin zare ya leƙo. Wani kurkunun ne!

Na naɗe shi a tsinke, na ɗaure da tsumma. Ka san in ya tsinke a ciki, mutum kan gurgunce. Amma wa zai ce wa Kumandan ya fasa? Ni ma raina bai son in fasa. Jiya Inna ta ce, "Ɗingishin me kake?" Na ce takalmi ne.

Ka gaida matarka da yara, ka sa ni a addu'a. Kada ka wahalar da kanka da hani, kafin wasiƙar nan ta iske ka na riga na hau.

Ƙanenka,
Mamman