Madam Ta Hana

Juma'a, 4 ga Yuli, 2025

Yau zan koma aiki. Madam Philomena mai kulob ɗinmu ta ce in ƙara sati in ina so, na ce a'a. Zaman gida ya ishe ni. Iya sai bina take da ido a tsakar gida kamar ni ne na mutu.

Wata guda ke nan da 'yan kwanaki da rasuwar Onyedika. Har yanzu in na shiga Kasuwar Sabon Gari zagayawa nake ta layin 'yan takalma, don kada in ga shagonsa a kulle. Tun muna firamare muke tare, shi daga Sabon Gari, ni daga Fagge. Dika kowa ke ce masa. Sifikun da nake kiɗa da su ma shi ya haɗa min da hannunsa. Ya tafi Anaca saro kaya, motar ta faɗi a hanyar dawowa. Shi ke nan.

Asabar, 5 ga Yuli

Na yi aikin. Hannu bai manta ba.

Amma mutane, Allah Ya shirya. Wani yaro mai sarƙa a wuya ya cusa min waya a fuska ina tsakiyar haɗa waƙa biyu, har na kusa ɓata. Ba sallama, ba komai, wai "sa wannan yanzu." Wata kuma sau uku tana zuwa kan waƙa ɗaya da na riga na sa mata. Wani ya ajiye kwalba a kan teburina, dab da laftof.

Da Dika na nan babu mai yin haka. A gefen teburin yake tsayawa kamar ɗan sanda, yana tare su da Hausarsa mai daɗi: "Oga, ka gaida DJ tukuna. Jira waƙa ta sauka. Faɗi sau ɗaya, ka koma ka yi rawa. In bai sa ba, ba zagi ba ne." Abin dariyar, shi kansa bai taɓa bin ko ɗaya ba. Daga bakin ƙofa yake ƙwala min kira: "Taju! Sa min tawa!" Kuma dole in sa. Wata tsohuwar hailaif ce ta zamanin babansa, jita da ƙaho, ba ta tafiya da kiɗan yaran yanzu ko kaɗan. Shi kaɗai zai shiga fili yana juya wannan ƙaton cikin nasa har sai kunya ta sa wasu sun taso.

Asabar, 12 ga Yuli

Monica ta zo jiya. Matar Dika.

Da wuri ta zo, kafin wuri ya cika, cikin baƙar atamfa, ba kwalliya. A da ba ta cika zuwa ba, takan ce hayaƙi na sa mata ciwon kai. Ta tsaya nesa da teburina, hannu a harɗe, har waƙar da ke kai ta sauka. Sannan ta matso.

"Sannu da aiki, Taju. Ya Iya?"

"Lafiya lau, matarmu. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. In ka samu wuri, ba yanzu ba, duk lokacin da ya yi maka... ko za ka sa min tasa?"

Na ce to. Ta koma ta zauna a kujerar kusurwa da lemo ɗaya. Na sa. Fili ya watse, kamar yadda na sani zai watse. Ba ta yi kuka ba, ba ta tashi ba. Da ta ƙare ta ɗaga min hannu ta fita.

Ni kuwa na cusa kaina ƙarƙashin tebur kamar ina gyara waya. Ban san tsawon lokacin da na yi a can ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na goge waƙar daga laftof. Da la'asar na dawo da ita daga filas.

Asabar, 19 ga Yuli

Ta sake zuwa. Tsayuwar nan, jiran nan, gaisuwar nan. Sau ɗaya ta faɗa ta koma ta zauna.

Da ma za ta yi min rashin kunya. Da ma ta cusa min waya a ido, ko ta ce ai haƙƙinta ne, abokina ne, dole in sa. Da na samu abin da zan riƙe in ji haushinta. To ina za ka kama mutumin da ya jira har waƙa ta sauka, ya tambayi lafiyar uwarka?

Na sa. Amma a karkace na shigar da ita. Bayan ta tafi na yi amai a bayan janareta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Uku ke nan. Tun ranar Laraba nake fara fargaba, saboda na san Juma'a na tafe.

Kafayat ƙanwata ta ce na rame. Ta ce in bar aikin nan in dawo shagon Iya a kasuwar Singa, ai da ma can ya fi mutunci. Na ce mata kwalin taliya ba ya rawa. Ta ce, "Kai ma ai ka daina." Bakin yarinyar nan.

Madam ta wuce ta gabana lokacin da waƙar ke kai, ta dubi filin da babu kowa, ta dubi Monica, ta dafa kafaɗata ta wuce.

Asabar, 2 ga Agusta

Na yi abin da ban so.

Ruwa aka yi jiya kamar da bakin ƙwarya, na ce yau dai na huta, ba za ta fito ba. Sai ga ta da lema, gefen zaninta sharkaf. Ta jira. Ta gaishe ni. Kafin ma ta ƙarasa maganar na ji bakina na cewa:

"Matarmu, ki yi haƙuri. Madam ta hana. Ta ce tana korar mata mutane."

Ban shirya ba, wallahi. Haka kawai ta fito.

Ta ce, "Ayya. Gaskiyarta ne, kasuwa ce. Kada in ja maka matsala a wurin aiki." Har da yi min godiya kan waɗanda na sa a baya. Ko lemon ba ta saya ba, ta buɗe lemarta ta koma cikin ruwan.

Na yi kiɗa mai kyau daren. Fili bai taɓa watsewa ba. Har wani ya ce min yau na dawo daidai.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na yi barci sosai. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Laraba, 6 ga Agusta

Ai doka ce ta aikin, kowane DJ ya sani: mai roƙo ya roƙa, mai kiɗa ya duba fili ya yanke. Ba don mutum ɗaya ake kiɗa ba. Dika da kansa ya sha faɗa, in bai sa ba, ba zagi ba ne.

Na rubuta wannan na karanta. Ko ni bai gamsar da ni ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Asiri ya tonu.

Ina shiga jiya Madam ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa. Ashe ranar Alhamis Monica ta je har gidanta, da 'yar ledar ayaba a hannu, wai ta zo ba da haƙuri kan mutanen da ta kora mata, kuma don Allah kada a ga laifin Taju, ita ce ta matsa masa.

"Tajudeen, yaushe na hana?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni da na binne miji a garin nan? Ni zan hana mace jin waƙar mijinta saboda 'yan iskan da ba sa iya haƙurin minti biyar?"

Na tambayi Madam me ta gaya wa Monica. Ta ce me za ta gaya mata in ba gaskiya ba, ai kafin ta gane inda maganar ta dosa ta riga ta ce ita ba ta san zancen ba. Wai Monica ta yi murmushi kawai ta ce, to, wataƙila ita ce ba ta ji da kyau ba saboda ƙarar kiɗa. Har a nan ma rufa min asiri take.

Madam ta ce ba za ta kore ni ba, amma ta fi so a sace mata kwalabe da a ari bakinta a yi wa gwauruwa ƙarya.

Kujerar kusurwa babu kowa duk daren. Na ajiye waƙar a layi, a shirye. Ba ta zo ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Ba ta zo ba.

Wani ya ja min hedfon daga kunne don ya gaya min sunan waƙa. Na tashi zan mare shi, sai da masu gadi suka shiga tsakani. Shekara nawa ina aikin nan ban taɓa ɗaga wa mai roƙo hannu ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Na je shagonta na gyaran gashi da hantsi. Sau biyu ina wucewa ta ƙofar a kan babur kafin na iya tsayawa.

Tana yi wa wata kitso. Ta nuna min benci, na zauna, na jira har ta gama. Ban taɓa sanin jira na da nauyi haka ba. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Da matar ta fita na ce, "Matarmu, Madam ba ta hana ba."

"Na sani."

"Ni ne. Ba na iya jinta. In ta fara sai in ji kamar ana zare min hanji."

Ta ci gaba da cire gashi daga matsefi, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Da ka faɗa min haka, Taju. Kana tsammani ban san wannan ciwon ba?"

Na ce in tura mata a waya, ta riƙa ji a gida yadda take so. Sai ta yi wata 'yar dariya.

"Tana cikin wayata. Tana cikin tasa ma, ga ta can a durowa. Ni waƙar nan ba ta taɓa yi min daɗi ba, shekara shida ina ce masa ta tsofaffi ce."

Na ce to me ya sa?

Ta ajiye matsefin. "In ka sa ta, ƙofa kake kallo. Tun daga farko har ƙarshe, idonka na kan ƙofa. Ba ka sani ba ko? Kowa ya ce min in yi haƙuri, ya tafi, ya huta. 'Yan'uwansa sun raba kayan shago. Kai kaɗai ka rage da kake jira ya shigo. Abin da nake zuwa gani ke nan. In na gan ka sai in ce, to, ba hauka nake ba, mu biyu ne."

Ban san ina yi ba. Wallahi ban sani ba.

Nan muka zauna muka yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kawo labari. Wata ta leƙo da ɗankwali a hannu za ta yi wankin kai, ta gan mu, ta juya.

Asabar, 23 ga Agusta

Monica ta tafi Kafanchan wurin mahaifiyarta. Kuɗin haya ya ƙare, kuma ta ce Kano ta yi mata faɗi. Tun kafin in yi mata ƙaryar ta yanke shawara, in ji ta. Ina so in yarda.

Ni da Kafayat muka kai ta tasha da safe. Iya ta aiko mata da kwalin sabulu da madara. Na ce wa Monica da a ce ta zo kulob jiya, da na sa mata waƙar ko sau goma ne. Ta ce a'a, ta riga ta roƙa an ba ta, ba a maimaita roƙo, ko ba haka mijinta ke koya wa mutane ba? Ta shiga mota. Ta tagar ta ce, "Ka ci abinci, Taju. Ka zama kamar sandar rake."

Alhamis, 4 ga Satumba

Na bi ta layin masu kayan wuta, inda shagon Dika yake. Wani ya kama shagon, yana sayar da fanka. Ya ce in shigo in duba. Na ce wani lokaci.

Lahadi, 14 ga Satumba

Monica ta kira, ta samu shago kusa da kasuwarsu. Muryarta ta ɗan washe.

Jiya wuri ya cika maƙil, ana bikin zagayowar ranar haihuwar wata budurwa. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ina cikin kiɗan yaran nan sai na zura hailaif ɗin a ƙarƙashi, na ɗan ƙara mata gudu, na bar gangar sabuwar waƙar tana tafe da ita. Babu wanda ya roƙa. Na ce in sun watse su watse.

Ba su watse ba. Wata mai jar hula ta ɗaga hannu tana ihu, ƙawayenta suka zagaye ta. Madam ta fito daga ofis, ta tsaya, sai ga ta tana kaɗa kafaɗa. Ni kuma ina ta fama kada gangar ta kufce min, don haɗin da wuya, jitar na son ta riga.

Sai da ƙahon ƙarshe ya shigo na tuna ban duba ƙofa ba. Na ɗaga kai. Wasu samari biyu ne a bakin ƙofar, ana caje su.

Cunkoso ne ya ɗauke min hankali, ina jin. Kuma haɗin da wuya, na faɗa.

Ban gaya wa Monica ba.