Rubutun Babana Da Kuka Wanke

Zuwa ga Shugaban gidan gwanjon kayan tarihi da ke Bonanjo, Douala.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni ne mutumin unguwar New Bell da ya kawo muku tsofaffin fostocin fim goma sha ɗaya a daminar da ta wuce. Ba neman kuɗi nake yi ba, kun biya ni cif. Ba kuma fushi nake yi ba. Na so in yi fushin, ya ƙi zuwa.

Na farko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ne mai tsaron ƙofar wata silima a unguwarmu, wadda yanzu ta zama shagon tayoyi. Mutanenmu ba sa karanta Faransanci, balle Indiyanci, don haka duk fostar da ta zo sai ya ɗauki alƙalami da tawada ya raɗa wa fim ɗin suna da ajami a gefen ƙasa. Yakan ƙara gargaɗi: "Akwai kuka, a zo da hankici." Ko kuma: "Faɗa zalla, ban da tsofaffi." Bai bar mana gida ba, bai bar wasiƙa ko ɗaya ba. Rubutun hannunsa da ya rage a duniya shi ne wannan.

Na biyu. Ruwan Douala ne ya sa na rabu da su. Rufinmu na yoyo, lema ta fara cin gefensu, na ga gara su tafi inda za a adana su. Ƙanwata Hadiza ta sa hoton guda a kasuwar intanet, wani baƙo ya nuna yana so. Na ce ɗan damfara ne, na hana ta, domin wani maƙwabcinmu ya taɓa aika kaya ta wannan hanya, har yau ba kaya ba kuɗi. Na ce mata mu ba ma hulɗa da wanda ba shi da ofis. Na hau bensikin, wato acaɓa, da fostocin a ƙirjina cikin leda, na zo wurinku, inda akwai hatimi da masu ɗaura taye.

Na uku. Ranar gwanjo na gan su cikin gilashi, fes, kamar jiya aka buga. Gefen ƙasa fari tas. Ma'aikacinku ya gaya mini cikin fara'a cewa mai gyaranku ya sha wahala kafin ya cire zane-zanen yara da suka ɓata su, kuma hakan ya ɗaga farashi. Na yi masa godiya. Har yau ban san dalilin da ya sa na gode masa ba.

Na karanta takardar da na sa wa hannu, Faransancina bai da laifi, babu inda aka ce za a wanke. Babu wanda ya buga mini waya. Shi kuwa baƙon intanet ɗin nan da na kira ɗan damfara, tambayarsa ta farko ga Hadiza ita ce me rubutun gefen nan yake cewa. Wataƙila da ya cuce mu. Amma shi ya ga rubutu.

Roƙona biyu ne. In kun ɗauki hoton fostocin kafin a wanke su, ko da dishi-dishi ne, ku turo mini. Sannan duk wanda ya kawo muku kayan gidansu nan gaba, ku tambaye shi kafin ku sa ruwa. Ofishinku bai da nisa da unguwar da kowane tsoho zai karanta muku ajami kyauta.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci kasuwarku, ya tsare abin da iyayenka suka bar maka. Mahaifiyata tana gaishe ka. Tana gaya wa ƙawayenta cewa yanzu Turawa na karanta hannun mijinta a falonsu, ni kuma ban ce mata komai ba.

Wassalam.

Naka,
Sani, New Bell, Douala.