Yaron Da Ba Ya Cikin Littafinku

Zuwa ga Shugaban ayarin masu binciken ciwon tsargiya a ƙauyukan bakin tafkin Kainji.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Sunana Mamman Bawa. Masassaƙin jirgin ruwa ne ni a wata tunga, wato ƙaramin ƙauye, a ƙasar Ngaski, a nan Jihar Sakkwato, ba nisa da Warra. Muna cikin waɗanda aka tayar lokacin da ruwa ya ci tsohon garinmu, aka zaunar da mu a gidajen siminti. Na yi ajin yaƙi da jahilci, saboda haka hannuna ne ya yi wannan rubutu, kuskuren da ke ciki ma nawa ne. Na bi ta jarida ne domin sau biyu ina ƙetare tafki zuwa ofishinku, sau biyu ana ce mini ka yi tafiya.

Ɗana na fari ya rasu bayan girbin gero na bana, yana da shekara goma sha huɗu. Ciwon da kuka zo bincike a kansa ne ajalinsa. Ban rubuto don faɗa ba. Na nemi fushin a raina ban same shi ba, kukan ma bai zo ba. Ina tashi, ina salla, ina ɗaukar gizago in tafi bakin ruwa, iyakarta ke nan. Zan dai jera maka abin da ya faru yadda ya faru.

Na ɗaya. Mutanenka sun zo mana damina uku da suka wuce, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki. Kafin zuwansu ba mu ɗauki jini a fitsarin yaro ciwo ba. Mu dai mun tashi mun ga iyayenmu suna cewa alamar girma ce, duk namijin bakin ruwa sai ya yi. Mutanenka ne suka tara mu ƙofar mai gari, suka nuna mana 'yan ƙananan katantanwa da ke manne a ƙarƙashin ganyen bado da cikin ciyawar burugu, suka ce daga jikinsu tsutsar ke fita ta huda fatar mutum. Sun kafa turaku a cikin ruwa, sun ja igiya, sun hana mu yankan ciyawar wurin. Kowane mako sai su shiga da dogayen takalman roba su ɗebo katantanwa a rariya, su zauna su ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, su auna tsawon ciyawa. Mun yi musu dariya, muna cewa gwamnati ta rasa abin kiwo ta koma kiwon katantanwa. Su ma sun yi dariyar tare da mu.

Na biyu, kuma a nan maganar take. Sun bi gida gida da wani babban littafi. Dokarsu ita ce kowane yaro a ƙarƙashin sunan uwar da ta haife shi za a rubuta shi, sannan a ba shi kati mai lamba da igiyar ratayawa a wuya. Da suka zo gidana, malamin da ke riƙe da littafin ya tsaya a zaure, matata Hajo tana daga bayan zana. Ya ce, "Baiwar Allah, 'ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Huɗu."

Ya ce ta faɗi sunayensu, ta faɗa. Biyar ta haifa.

Ranka ya daɗe, ban sani ba ko a inda ka fito ana yin haka. A wurinmu mace ba ta lissafa ɗan fari a cikin 'ya'yanta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko ya faɗi ya fasa baki sai wata ta ɗaga shi. Kunya ce, da ita aka tarbiyyantar da mu, kuma macen da ta buɗe baki ta ƙidaya ɗan farinta gaban baƙon namiji, garin nan kaf sai ya ji labarinta kafin la'asar. Uba ma haka. Ina zaune a zauren nan a kan buzuna, na ji ta ce huɗu, na ga alƙalami ya rubuta huɗu, ban ce uffan ba. Ban ma ji a jikina cewa an yi wani abu ba. Daidai ta amsa, da ni aka tambaya abin da zan faɗa ke nan.

Tun da aka yaye yaron yana hannun mahaifiyata, Inna, gida uku tsakaninmu. Da suka isa can suka yi mata tambayar nan tasu, 'ya'yan da ta haifa nawa. Ta lissafa musu ƙannena masu furfura a gemu. Yaron yana tsakar gidan yana ba awakinta ciyawa. Ba wanda ya ce wannan fa na wane ne, domin babu gurbin wannan tambaya a littafin.

Na uku. Kun ajiye wani ma'aikaci a gindin tsamiyar mashaya, da agogo da takarda. Aikinsa tun safe har yamma shi ne ya rubuta wa ya shiga ruwa, me ya kai shi, ruwan ya kai masa ina, ya daɗe ko bai daɗe ba. Mata sun tsargu da shi da farko, daga baya har fura suke aika masa. Wannan bawan Allah ya ga yaron nan kusan kullum na tsawon rani biyu, cikin ruwa har ƙirji, yana yanko wa awakin Inna burugu. Babu yaron da ya kai shi daɗewa a ruwa. Daga baya na tambayi ma'aikacin me yake rubutawa in ya gan shi. Ya ce duk wanda ba shi da kati a wuya, "baƙo" ake sa masa. Yaron da aka binne cibiyarsa a bayan ɗakina, baƙo ne a takardarku rani biyu cur.

Na huɗu. Ranar rabon magani aka kafa tebur da sikeli a ƙofar mai gari. Yaro ya nuna kati, a auna nauyinsa, a ba shi ƙwayoyi ya haɗiye a gabansu. Ƙannensa huɗu duk sun sha. Inna ta riƙo hannunsa ta kai shi, ta bi layi da sandarta. Malamin ya duba littafi daga farko har ƙarshe, ya sake dubawa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ya ciki."

Ta ce, "Wanga yaro ɗan garin ga na. Gabana anka haihe shi, ni nir rene shi. Ya hi su duka zubda jini. Ku ba shi ko rabin ƙwara."

Ya ce ƙwayoyin a ƙidaye suke daidai da katuna, in ya ba wanda ba shi da lamba aikin bincike zai lalace, kuma shi za a tuhuma. Ya ce za su dawo su yi wa waɗanda aka tsallake. Bai yi mata tsawa ba, har kujera ya ba ta.

Ina tsaye a gefe cikin dattawa, ina gani. Sai na tura ƙanena Sani ya je ya yi magana, domin uba ba ya fitowa gaban jama'a ya yi wa ɗan fari roƙo. Aka ba Sani amsar da aka ba Inna. Da na ga ana naɗe tabarmi ana loda akwatuna a mota, sannan na cire kunya na taka da ƙafata. Direba ya riga ya tayar da mota. Wannan laifina ne, na rubuta shi da kaina don kada wani ya riga ni faɗa. Dawowar da aka ce za a yi kuwa, ba mu gan ta ba.

Na biyar. Mun yi abin da muka sani. Inna ta dafa masa saiwoyi, an yi rubutun sha. Zuwana ofishinku na farko, ma'aikacin da na tarar ya ce an rufe littafin tungarmu, ba a ƙara suna. A zuwa na biyu aka ce in jira zagaye na gaba. Da jinin ya ragu sai muka ce sauƙi ne ya samu. Farkon daminar bana ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta bi, fitsarin ya koma ɗigo ɗigo. Na sa shi a jirgin da na sassaƙa da hannuna muka kai shi asibiti a Yelwa. Likitan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce tsutsar ta daɗe tana ɓarna har ta taɓa ƙoda, maganin da ake ba yara yanzu ba zai gyara abin da ya lalace ba. Na tambaye shi da an ba shi tun wancan lokaci fa. Ya ce rai na Allah ne, amma da ya fi son ya gan shi shekara biyu baya. Kwana tara muka yi. Ran na goma da hantsi ya cika, kansa a cinyar kakarsa. Uwarsa tana gida, domin ba ta da hurumin bin sa jinya.

Na san kwanansa ne ya ƙare. Ban ce kun kashe shi ba, kuma ba zan faɗa ba.

Na shida. Bayan sadakar arba'in aka karanta takardarku a ƙofar mai gari, mai cewa an yi wa dukan yaran tungarmu magani, kuma ba a rasa ko ɗaya ba. Mutane suka riƙa satar kallona. Gaskiya takardar ta faɗa bisa littafinku, shi ya sa ban tashi na musa ba.

Mata suka kai wa Hajo labari. Ranka ya daɗe, matar nan ba ta yi kuka ranar rasuwa ba, ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Masu gaisuwa Inna suke yi wa ta'aziyya, Hajo kuwa tana bakin murhu tana dafa musu abinci. Tun ranar da ta ji maganar takardarku ta bar cin abinci sai a yi da gaske. Tana daka, tana shara, tana yi wa yara wanka, amma zanenta har ya fara zagaya ta sau biyu. In na shiga in same ta zaune ta zuba wa bango ido. Magana ɗaya take yi, ita ma ba da ni take yi ba: "Da na ce biyar." Rannan na ce mata, "Haba Hajo, ƙaddara ta." Ta dube ni ta ce, "Malam, bakina na. Mutum yat tambaye ni, niy yi mai ƙarya." Na gaya mata ba ƙarya ta yi ba, Inna ta gaya mata, matar liman ta zo ta gaya mata. Ba ta jin tamu, don ta san da mu aka tambaya a ranar, dukanmu huɗun za mu ce. Na binne ɗaya, ina kallon ta biyu tana tafiya a tsaye, kuma ba ni da dabarar tsayar da ita.

Ga abin da nake roƙo.

Na ji za ku shiga ƙauyukan Shanga da rani mai zuwa da littafin nan naku. Don Allah ku sauya tambayar. Kada ku tambayi mace 'ya'yanta nawa. Ku tambayi tsohuwar gida su wa ke kwana a ɗakinta, ku sa mace ta shiga ta ƙidaya kawunan yara da idonta. A can akwai rugagen Fulani, kunyarsu ta ɗan fari ta ninka tamu. In kuka tafi da tambayar da kuka yi mana, kusan kowane gida za ku bar yaro guda a waje.

Ku riƙa zuwa da rarar magani saboda wanda littafi ya tsallake. Mutanen da suka iya ƙidaya katantanwa a cikin laka ba za su gaza samo wa yaro mai fitsarin jini ƙwaya ba.

Ku gyara takardar da aka karanta mana, a ce an rasa ɗaya.

Na ƙarshe shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Ka turo mutum guda daga cikinku, ko malamin nan mai littafi, ya tsaya a zaurena inda ya tsaya da farko. Ya gaya wa matar da ke bayan zana cewa tambayarsu ce ba ta yi daidai ba, ita ta amsa yadda aka koya mata. Daga bakin wanda ya yi tambayar kaɗai za ta yarda. Ba mu neman diyya, ba mu kai ƙara ko'ina ba. In hanyar mota ta lalace ku tsaya Warra ku aiko, ni zan zo da jirgi in ɗauko shi. Sai dai ku hanzarta, ban san kwana nawa jikinta zai ƙara ɗauka ba.

Za ka lura ban rubuta sunan yaron ba. Na ɗora alƙalami a wurin har sau uku, hannuna ya ƙi. Ya mutu, an binne shi, har yanzu na kasa. In naku ya zo ya buɗe littafin, ya taka gida uku zuwa wurin Inna, ita za ta faɗa masa.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a aikinku, ya amfanar da mutanen bakin ruwa da shi. Allah ya raya maka 'ya'yanka, tun daga na farin, ya sa su yi maka addu'a bayan ranka.

Wassalam.

Mamman Bawa, masassaƙin jirgi,
daga ƙasar Ngaski.