Rumfar Shanya Katako

Zuwa ga 'yata, Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Na karanta rubutun da kika yi a kan masana'antata sau biyu, na kuma sa an karanta wa ma'aikata. Kin yi ƙoƙari. Daga zarto ɗaya da bencin aro zuwa injina goma sha ɗaya, duk kin kawo.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kin ce kafin mujalla ta buga shi don koyar da ɗaliban kasuwanci, sai wasu malamai biyu sun duba, kuma ba za a gaya miki sunansu ba. Wane irin alƙali ne ke yanke hukunci a bayan labule? Sun taɓa riƙe zarto? Ni a sakandare na ajiye biro, amma yau masu digiri huɗu ke aiki a ƙarƙashina. Duk abin da suka ce ki aiko mini, kada ki rage.

Baffanki,
Mai Katako

*

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi. Sun amsa.

Na ɗaya ya ce wannan kirari ne, ba darasi ba. Wai mutumin bai taɓa shiga tsaka mai wuya ba, to a kan me ɗalibai za su yi muhawara? Irin wannan rubutu ana yanke shi ne daidai inda mai sana'a ya rasa tudun dafawa, sai a bar aji ya nemi mafita.

Na biyu tambaya ɗaya ya yi: me ya sa mutumin nan ke shanya katako wata tara a rumfa, alhali kowa saye yake ya yanka? Ya ce haka kawai mutum ba ya tsoron wuta sai ta taɓa lasar sa.

Sun ba ni sati shida. In ban gyara ba, ba za a buga ba, kuma da shi nake neman ƙarin girma bana.

'Yarka

*

Malama,

Gaisuwa. Kirari! Na ɗayan nan in ya isa ya zo ya faɗa a gabana.

Amma na biyun ya tsaya mini a rai. Ɗan kafinta ne? Shekara talatin da ɗoriya mutane ke wucewa gaban rumfar nan, direbobi na sauke kaya, har jami'an gwamnati sun zagaya ta, ba wanda ya taɓa tambaya. Shi daga takarda kawai ya hango? Tsoho ne ko yaro? Ko mace ce ma? Ki bincika mini.

Amsarsa kuwa, ki rubuta: don inganci. Shi ke nan.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ba ni da hanyar sanin ko wane ne. "Don inganci" kuma yana shafi na huɗu tun farko, a ƙarƙashinsa ma ya ja layi.

Na tambayi Baba. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce mai rumfa ya fi sanin rumfarsa. Baffa, wai Baba ya taɓa aiki da kai? Ni da ɗinki na taso na gan shi. Saura sati biyu.

'Yarka

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Kwana huɗu ina rubuta wannan ina yagewa.

Kina goye a lokacin. Wata shugabar makaranta ta ba ni aikin teburan ɗalibai ɗari uku, saura sati uku a koma karatu. Shi ne babban aikina na farko. Katakon da na samu sabon yanka ne. Babanki, ƙanina, shi ne hannun damana. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Yaya, wannan bai bushe ba, muryarsa a dishe take."

Na ce, "Yaushe katako ya fara yi maka magana?" Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ya maimaita. Na ce ƙofa a buɗe take. Ya ajiye gudumarsa a kan benci ya fita. Muna gaisawa, muna zumunci, amma maganar nan ba ta sake haɗa mu ba.

Bayan wata biyu na je makarantar. Teburan sun murɗe. Yara na ajiye fensir yana gangarawa ƙasa, sun cusa takardu a ƙarƙashin ƙafafu. Shugabar ta tare ni da fara'a, ta ce, "Mai Katako, ka ga yadda magina suka cuce mu? Daɓen nan bai daidaita ba." Har ta rubuta ƙarar maginin. Ba wanda ya sani sai ni, sai wanda na kora.

To ki yanke a nan, tunda haka al'adarku take. Ina so in ji me 'yan digirin za su yi. Ni dai na kwashe teburan, na sake su, na gina rumfa, amma wannan ki ɓoye sai sun gama gardama.

Na sa hannu a takardar izinin buga labarin nan, ga ta nan haɗe. Sharaɗi biyu: ki ajiye mini kujera a bayan aji ranar da za a koyar. Sannan ga ƙunshi, ki kai wa babanki. Gudumarsa ce. Ni ban iya irin wannan maganar ba.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Sun karɓa, za a buga. Na biyu ya ce a gaishe da mai ƙwanƙwasa katako. Kujerarka na nan, amma Baba ya ce a sa biyu.

Na kai masa ƙunshin. Ya juya gudumar, ya ƙwanƙwasa ƙotar, ya kasa kunne. Ya ce in gaya maka, yanzu kam ta bushe.

'Yarka