Takardar Izinin Sarkin Ming

Talata, bayan isha'i, unguwar Hindawiyya, Jidda

Yau ma kafilina, wanda ya tsaya min wurin hukuma, bai ɗaga waya ba. Sati uku ke nan da ƙarewar iƙamata, takardar izinin zama, kuma shi ne zai sabunta min ita. Da zan dawo daga gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Bani Malik, na hango ana tare motoci ana duba takardu. Na sauka daga motar na bi lunguna a ƙafa, jakar kayan aiki tana cin kafaɗata.

Ina shiga gida 'yata Ruƙayya ta tare ni. Gobe za ta yi bayani a makaranta kan daular Ming ta ƙasar Sin, wai in zauna ta gwada a gabana. Na zauna, ko ruwa ban sha ba.

Ta ce wanda ya kafa daular maraya ne, ɗan talakawa, ya yi shekaru yana gararamba gari-gari saboda yunwa. Har ya fara burge ni. Sai ta ce da ya hau mulki ya sa aka rubuta kowane gida a littafi, da mutanensa da sana'arsu, kuma ba mai yin nisa da garinsu sai da takardar izini.

Na ce, "Shi da ya san wahalar yawo?" Wallahi raina ya ɓaci, da mutumin da ya mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce!

Ta ɗago kai. "Baba, ya'ni da a can muke, wane gari za a rubuta mana?"

A Jidda aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Amma a takarda har yau baƙi ne mu. Na ce, "Yalla, ci gaba."

Ta yi barci. Ni ina nan ina tunanin lungun da zan bi gobe.